Abin da Maigida Ya Kamo

"Ɗauke ni hoto, maza!" Maigida ya ɗaga kifin sama, ɗan kwale-kwalensa na roba yana tangaɗi kamar zai kife.

Kwananmu biyu a tanti a bakin tafkin. Shi ya hana ni ɗauko abinci daga gida, wai abin da ya kamo za mu ci, tunda shi masunci ne. Masunci! Mutumin da ko kifin gwangwani sai na buɗe masa. Ya sayi fatsa mai tsadar keken ɗinki da riga mai aljihu goma sha biyu, amma tun jiya biskit yaranmu biyu ke ci, sauro na cin su.

Yanzu ga kifi kamar cinyata. Yara suka hau tsalle, na ɗauki hoton da wayarsa da ya bar mini.

Yana gama washe baki sai ya sumbaci kifin, ya sake shi cikin ruwa.

"Baban yara, me ka yi haka?"

"Dokar ƙungiyarmu ce. A kama, a yi hoto, a saki. Wasan wayayyu ne, ba za ki gane ba."

Ƙaramar ta fashe da kuka. Kafin ya tuƙo zuwa gaɓa, na gama aikina da wayarsa.

Ya fizge ta yana haki. "Ya fito? Bari abokai su gani."

"Ai sun gani," na ce.

Na riga na goge hotonsa da kifin. Hoto ɗaya na tura wa ƙungiyar tasu: tukunyar da na ɗora tun safe, ruwa zalla na tafasa, 'ya'yansa biyu na leƙa ciki.