Ermek Ya Tsere wa Kowa

"Sai dai ka ga ƙeyata, ɗan wahala!" Ermek ya faɗa, ya ƙara taka kekensa.

Kwana shida ke nan da fara tseren keke na duwatsun yankin Narin, kuma tun hantsi wani mai keke yake biye da shi yana ƙwala kira. Ermek, da ya cika baki a birnin Bishkek cewa shi zai zo na ɗaya, ko waiwaye ya ƙi yi. Bai tsaya cin abinci ba. Haɓo ya ɓalle masa, ya share ya ci gaba.

A ƙololuwar dutsen ƙafafunsa suka gaza, ya zube. A kwance ya ɗaga waya yana ɗaukar kansa bidiyo: "Jama'a, ku shaida, ba kowa a gabana!"

Mai binsa ya iso. Ashe tsohon makiyayi ne kan wani gwangwanin keke, ko haki ba ya yi.

"Baba, kai ma tseren kake?"

"Wane tsere, yaro? Tun safe nake binka in gaya maka 'yan'uwanka masu keke ta kwari suka bi. Nan makiyayar tumakina ce. Amma barka dai, ka riga tumakin isowa."