Biredi da Ƙwai na Baba Tanimu

Tun da aka fara sayen abin da mutum ke tunawa ana cirewa daga kansa ana ɗura wa injina, tsofaffin shaguna suke ta dawowa a Malumfashi. Shekara ashirin da rasuwar Baba Tanimu, mai biredi da ƙwai na bakin tasha, sai ga shagonsa an buɗe, inji ke suya.

Ranar da Ladiyo ta zo ganin gida, yayanta Sallau ya kai ta can a sabon babur ɗinsa. Aka kawo mata biredi da ƙwai, ta gutsura, sai ta daina tauna. Ɗanɗanon shi ne, har ƙaurin itacen. Amma an ƙona gefen biredin, kuma babu albasa ko ɗaya. Duk garin, Sallau kaɗai Baba Tanimu yake yi wa haka.

Ta dubi babur ɗin, ta dubi yayanta.

"Yaya, yaushe ka sayi mashin?"

"Ci abincinki mana."

"Ka tuna yadda Baba Tanimu yake tsince maka albasa yana mita?"

Sallau ya ɗaga kai, ya karanta sunan da ke jikin allon shagon a hankali.

"Kin san shi ne?"