Ruwa a Tukunyar Gas

Shekara uku ke nan da hana man dizal, taraktoci duk sun koma aiki da gas. Ni na bi gida-gida a garinmu ina roƙon mutane su rabu da shanun huɗa. Na Baba na fara kaiwa kasuwa.

Washegarin ruwan shuka, taraktar ƙungiyar manoma ta mutu a tsakiyar gonarmu. Malam Barau makanike ya shafa ruwan sabulu a tiyo, bai ga kumfa ba. Ya cire filta ya hura, lafiya ƙalau. Na ɗaga tukunyar gas na ji nauyi, ga hatimin ƙungiya a wuyanta.

"A cike take, Malam."

"Ɗan boko ke nan," ya ce yana dariya. Ya kifa ta ya buɗe. Ruwa mai tsatsa ya tsiyayo a kan takalmina.

"Da sikeli ake auna ta, Nafi'u, sikeli kuwa bai san ruwa da gas ba. Kowa ya sani, haƙuri ake yi."

"Haƙuri? Ƙasa za ta bushe kafin jibi! Wa ke buga hatimin nan?"

Sai ya nuna gabas da haɓa.

Kawu Sale ne, shugaban ƙungiya, wanda na tara wa ƙuri'u, yake huɗa gonarsa da shanu biyu. Na gane na hannun dama tun daga nesa, da karyayyen ƙahonsa. Ni na raɗa masa suna ina yaro.