Roƙon da Alhaji Shitu Ya Yi

Ranar Litinin da ƙarfe sha ɗaya na safe, cikin daminar 1998, aka buga wa Alhaji Shitu waya a ofishinsa na lodin kaya da ke Huangpu, a ƙasar Chana. An kama wani ɗan Maraɗi mai sarin yadi, Tankari, a unguwar Sanyuanli. Wai ya ci zarafin Bature a kan titi.

Shitu ya ajiye wayar ya ja tsaki. Bakano ne, ya fi kowa daɗewa a garin, shi kaɗai ke jin yaren Chana sosai, don haka duk baƙar fatar da ta shiga hannu, shi ake nema. Ya san yadda abin ke tafiya. Bara aka tsare wani ɗan'uwansu, Maidaji, wata da watanni don kawai wata mai shago ta ce ya yi kama da wanda ya cuce ta. Wannan kuwa Bature aka taɓa. In aka rubuta wa Tankari laifin duka, shekaru zai yi a kurkuku, kayansa su ruɓe a sito.

A ofishin 'yan sanda ya tarar da Baturen zaune a kan kujera mai laushi, an aje masa shayi da sigari. Matashi ne siriri, ƙugun wandonsa ya yage, hannunsa ɗaya dafe da aljihun ƙirji, yana ta kallon ƙofa.

Shitu ya gaida ɗan sandan da ke kan tebur, ya nemi ganin ɗan'uwansa.

"Ba a gani."

"To wa ya yi masa tafinta? Hausa da Faransanci kaɗai yake ji."

"Ba sai da tafinta ba. Da idona na ga ya shigo nan yana jan mutum da wando, yana ihu. Muka ce ya sake shi ya ƙi, sai da muka sa kulki. Muka ce ya nuna fasfo kuma, babu."

"Shi wancan Baturen kun ga nasa?"

Ɗan sandan ya dube shi kamar ya faɗi abin dariya. "Wancan baƙo ne."

Shitu ya juya. Ta ƙaramar tagar gilashi da ke jikin ƙofar can ƙarshen baranda ya hango Tankari, goshi a kumbure, wata guntuwar igiyar fata na reto a wuyansa. Da ya ga Shitu sai ya hau dukan gilashin yana nuni da yatsa, bakinsa na motsi, ba a jin komai. Shitu ya ɗaga masa tafin hannu, alamar ya natsu. Har yanzu bai daddara ba, in ji shi a ransa. Mutanen nan sai su zo ƙasar wasu da zafin kan kasuwar gida.

Hanya ɗaya ya sani, wadda ya ga manya na bi tun yana yaro a kasuwar Kwari: in naka ya yi ɓarna, ba ka tsaya jayayya, wanda aka ɓata wa kake bi ka ba shi haƙuri kafin magana ta hau takarda.

Ya cire hularsa, ya durƙusa gaban Baturen, yaron da bai wuce sa'ar ɗansa ba. Cikin Turanci ya ce masa ɗan'uwansu baƙo ne, bai san gari ba, yana da iyali a gida. Ya dubi girman furfurarsa ya yafe.

Baturen ya dube shi. "Kana nufin in tafi kawai?"

"In ka yi haka ka yi mana komai."

Nan take ya miƙe, ko shayin bai ƙarasa ba. Shitu ya fassara wa ɗan sandan cewa mai ƙara ya janye. Ɗan sandan ya ɗaga kafaɗa, bai ko tambayi sunan mutumin ko masaukinsa ba. Shitu da kansa ya raka shi bakin titi, ya tsayar masa da tasi, ya rufe masa ƙofa yana godiya.

Ya dawo da sauƙi a zuciya, ya ce to a sakar masa mutum. Aka ce maganar duka ta mutu, saura ta rashin takardu, ita kuwa ba ta da roƙo. Ya yi ta sintiri mako guda, yau a ce babba ba ya nan, gobe a ce an mayar da Tankari wani gidan tsaro. Sai ana gobe za a fitar da Tankari daga ƙasar aka bari suka gana, ragar ƙarfe tsakaninsu.

Tankari bai ko amsa gaisuwa ba. "Alhaji, sun caje shi?"

"Wa?"

"Ɓarawon mana! Ina ya shiga?"

Ranar Laraba aka sa Tankari a jirgi da ankwa a hannu, an hana shi sake shigowa ƙasar, bisa laifin yawo ba fasfo. Fasfon na cikin jakar wuyansa da Baturen ya yanke a tashar mota ya cusa a aljihu, shi kuwa ya bi shi ya damƙe, ya jawo shi har ofishin 'yan sanda don ya kai ƙara.