Ranar Gishirin Lantana

Tun da rijiyoyin garin suka lalace, gishiri ya bar tukunyar miya ya koma na injin unguwa. Kowane gida da ranar da zai kai gwangwani ɗaya. Malam Tanimu mai kula da injin zai jiƙa shi, ya saki wutar sola, ƙarafa biyu su yi ta kumfa a ciki, har ya zama maganin da ake ɗigawa a tankin ruwan sha. Kafin a sha sai an shinshina; in an ji warin bilic irin na wanki, to lafiya.

Shekaranjiya ce ranar Lantana. Shekara biyu harshenta bai taɓa gishiri ba, sai ta ɗebe rabi, ta cike gwangwanin da dakakkiyar kanwa.

Yau da hantsi ta iske Malam Tanimu yana ta goge ƙarafan.

"Kumfa dai ya yi, amma warin ya ƙi fita," ya ce. "Tsufa ne ya kama ni, Lantana. Ni na cuci jama'a."

Lantana ta juya. Ta koma gida, ta zuba miya a kwano, ta shiga wurin maƙwabciyarta Kande, wadda mijinta ke kwance da amai da gudawa tun jiya.

"Sannu, Yaya Kande. Ga 'yar miya, ko zai iya kurɓa."

Kande ta ɗanɗana don ta ji zafinta. Ta dakata, ta sake kai cokali baki a hankali. Sai a lokacin Lantana ta tuna da gishirin da ta zuba a miyar.

"Miyarki ta ji gishiri," in ji Kande.

Ta rufe kwanon, ta miƙa mata abinta.