Yaron da Ya Daina Kuka

Kwana huɗu ke nan Rahina ba ta ji kukan ɗanta ba.

Zai wage baki, fuska ta yi jajir, ƙafafu na harbin iska, amma murya ta ƙi fitowa. Kwanansa talatin da uku a duniya. Ga shi ɗan fari, ba bakin tambaya. A Gidimuni, wadda ta zo wankan jego gidan iyayenta ba ta kiran sunan ɗan fari, balle ta nuna damuwa da shi a gaban manya. Sai dai satar kallo.

Tsofaffi har yabonta suke yi. Jiya gwaggonta Ladi ta matso dab da ita tana dariya. "Ke kam kin gaji kunya, 'yar nan. Ko waigawa ba kya yi."

Ita ba yabo take nema ba. Ta lura gidan ya canja. Kowa ya koma magana ƙasa-ƙasa, leɓe na motsi, ido na kanta. Ai ba a rage murya haka kawai, sai in akwai abin da ake ɓoye wa uwa. Haka aka yi wa yayarta Sa'a bara, kafin a fita da nata jaririn a naɗe.

Nata jikin ma ba daɗi. Zazzaɓin da ya kayar da ita bayan suna dai ya tafi, albarkacin Ɗanƙarami mai allura, wanda ya yi mata safe da yamma har kwana goma sha biyu, ya ƙara biyu wai don ciwo ya mutu murus. Sai jiri ya gaje shi. In ta miƙe, ƙasa ta karkace. Inna ta ce ruwan zafin wanka ne, kowace mai jego ta san shi. Gyare kuwa bana sun addabi gari, ko da rana tsaka ba sa hutawa.

Ran Alhamis, da gida ya watse girbin gero, ta goya yaron. Ta ƙulle kwalaben allurar a bakin zane, don zuciyarta ta ba ta su suka ɓata mata nono. Ta bi bango, dafe-dafe, har bakin hanya, ta hau motar kasuwa zuwa Damagaram.

A mota kowa sai kallonta yake. Wata tsohuwa ta zungure ta, ta nuna mata ƙirji. Rahina ta ba yaron nono, ya kama ya saki, ya sake buɗe bakin nan da ba komai a ciki. Duk addu'ar da ta sani sai da ta tofa masa. A tasha wani ɗan kabu-kabu ya kusa kwashe ta, ko oda bai danna ba, sannan ya tsaya yana ɗaga mata hannu kamar ita ce da laifi.

A asibiti layi har bakin ƙofa, amma mata suka dare suka ba ta hanya. To, su ma sun ga alama ke nan.

A gaban likita, Malam Zakariya'u, ta ajiye kunyar da aka yi ta yaba mata.

"Malam, ɗana ne. Na fari ne, na san bai kamata in faɗa da bakina ba, amma ka taimake ni don Allah. Muryarsa ta tafi. Kada ya bi ɗan yayata."

Likita ya dubi yaron, ya dube ta. Ta kwance kwalaben, ya jera su a tebur yana karanta jikinsu. Yaron da ta kawo tun daga Gidimuni ko taɓa shi bai yi ba. Sai ya tashi ya zagaya bayanta. Ta jira. Ba abin da ya faru, sai dai ta ga malamar da ke taya shi aiki ta sunkuyar da kai.

Ya dawo, ya duƙa daidai kafaɗarta. Jijiyar wuyansa ta tashi kamar mai kiran wani daga hayin tafki, amma maganar ta iso mata can nesa, kamar daga cikin rijiya.

"Allurar nan ba nononki ta taɓa ba, 'yar'uwa, kunnenki ta taɓa. Ɗanki kuwa, tun kina bakin ƙofa nake jin ihunsa."