Kumburin Cinyar Ɗan Fari

Gwaggona ce ta ba ni wannan misali, ranar da na ce mata aikin shigar da bayanan asibiti a na'ura ya ishe ni.

Ta ce an yi wata ma'aikaciyar lafiya a wani ƙauye na bakin fadama, mai yi wa jarirai allurar rigakafi. Ƙa'idar aikin ita ce, duk abin da ya samu yaro bayan allura, zazzaɓi ko kumburi, a rubuta a waya a tura rumbun bayanai na birni, inda rahoton kowane asibiti yake haɗuwa. To, sai ta lura masu haihuwar fari ba sa dawowa da ƙorafi. Kunyar ɗan fari ba ta barin uwa ta buɗe baki cikin mutane ta ce ɗanta ba lafiya. Ko an tambaye ta, sai ta sunkuyar da kai ta ce yana nan ƙalau. Ma'aikaciyar ta daina zaman jira. Bayan la'asar mijinta yakan ɗauke ta a babur su bi gida-gida, shi ya tsaya a zaure rungume da jakarta, ita ta wuce ɗakin kakanni, don kaka ba ta kunyar jika. A wani gida tsohuwa ta yaye zani ta nuna mata cinyar jariri, ta kumbura ta yi tauri kamar goruba. "Ba komai, ɗiyata, kumburin zai sace," in ji ta. Ma'aikaciyar ta duba yaron, ta ba da magani, ta kuma tura rahoto, duk da guda ɗaya ne tak.

A birni, rahoton nan ya tarar da 'yan'uwansa, wani daga kan tudu, wasu daga ƙetaren kogi, kuma duk daga kwalin maganin rigakafi guda. Aka bi sawu, aka gano kwalin ya daskare a hanya har maganin ya lalace. Aka janye sauran kwalaben kafin ranar kasuwa, ranar da mata suke cika asibiti da goyo, aka kawo masu kyau. Ba a fasa rigakafi ba, ba kuma wata cinyar da ta sake kumbura haka.

Gwaggo ta miƙo mini mayafina ta ce, "Tashi ki koma kan aikinki, ki rubuta ko guda ɗaya ne. Da yayyafi kogi kan cika."